Wasannin Cikin Gida: Yadda Za a Haɗa Yara Manya da Ƙanana Su Yi Wasa Lafiya

A yawancin gidajenmu ba a rasa yara biyar ko shida, daga mai rarrafe har zuwa ɗan shekara 12, ga kuma 'ya'yan maƙwabta da na 'yan'uwa da ke zuwa hutu. Idan gari ya yi daidai, ƙofar gida da fili sun ishe su. Amma akwai lokutan da fita ba ta yiwuwa, kamar lokacin ƙurar hunturu, ko zafin bazara da kan haura maki 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, ko ranar da ruwan damina ya ƙi tsagaitawa, ko idan hankalin iyaye bai kwanta da unguwa ba.

A irin wannan rana ko dai yara su wuni gaban talabijin da waya ba motsi, ko su ƙirƙiri wasan da zai ƙare da kuka, wani lokacin ma har da zuwa asibiti. Ƙaramin cikinsu ne kuma ya fi jin jiki. Wannan bayani zai nuna irin motsin da jikin yaro ke buƙata, wasannin da za su iya haɗa babba da ƙarami a ɗaki ɗaya, da haɗurran da ya kamata a kiyaye.

Motsi nawa yaro ke buƙata a rana?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan wannan batu, na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2019, na waɗanda suka haura haka kuma a 2020. Ga taƙaitawarsu:

- Jaririn da bai kai shekara 1 ba kuma bai fara rarrafe ba, a riƙa kwantar da shi rubda ciki yana farke, ana kallonsa, aƙalla minti 30 a rana, a rarraba su kaɗan-kaɗan.
- Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsi iri-iri a wuni.
- Ɗan shekara 3 zuwa 4 shi ma minti 180 ne, amma 60 daga ciki su zama motsi mai ƙarfi da zai sa numfashinsa ya ɗaga.
- Daga shekara 5 zuwa 17, kimanin minti 60 a kowace rana na motsi mai sa gumi, tare da tsalle-tsalle da wasannin ƙarfafa ƙashi da tsoka aƙalla sau 3 a mako.

Game da kallo kuwa, hukumar ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban talabijin ko waya, sannan daga shekara 2 zuwa 4 kada kallon ya wuce awa 1 a rana.

Ba sai an yi waɗannan mintuna a zama ɗaya ba. Minti 15 bayan karin kumallo, wasu 15 da hantsi, wasu bayan la'asar, duk suna shiga lissafi. Amfanin kuma bai tsaya ga ƙashi da tsoka ba. Yaron da ya motsa da rana ya fi samun barci da dare kuma ya fi cin abinci. A cikin wasa yake koyon magana, jiran layi, haƙuri idan an cinye shi, da riƙe ƙa'ida a ka. Shi ya sa a 2018 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta shawarci likitoci su riƙa umartar iyaye da yin wasa da 'ya'yansu kamar yadda suke rubuta magani.

Me ya sa haɗa su ke da wuya?

Domin kowace shekara da irin wasanta. Tun a 1932 wata mai bincike a Amurka, Mildred Parten, ta bayyana matakan da yara ke bi kafin su iya wasa tare, kuma har yau ana koyar da su.

Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yakan yi wasansa a gefen sauran yara, yana kallonsu yana kwaikwayo, amma bai san layi ko ƙa'ida ba. Idan ya fizge abin wasan yayansa, bai kai ga fahimtar aro da mayarwa ba ne, kada a ɗauke shi mugun hali. Wannan rukuni ne kuma ke kai komai baki.

Daga shekara 3 zuwa 5 yaro ya fara shiga wasan taro. Zai iya riƙe ƙa'ida ɗaya ko biyu, yana son kwaikwayo da waƙa, amma hankalinsa ba ya daɗewa a kan abu ɗaya, kuma fitar da shi daga wasa kan sa shi kuka.

Daga shekara 6 zuwa 9 ƙa'ida ta zama abu mai girma a wurinsa. Yana son gasa, yana son a yi adalci, shi ne mai yawan cewa an yi masa ha'inci.

Daga shekara 10 zuwa sama, wasan ƙannensa ya fara gundurarsa, sai in an ba shi matsayi. Ƙarfinsa kuma ya ninka na ɗan shekara 3, alhali bai cika sanin hakan ba idan wasa ya yi daɗi.

Dabarun da ke sa wasan ya tafi daidai

Na farko, a ba manyan aiki. Ɗaya ya zama alƙali, ɗaya mai kiɗa, ɗaya mai ƙirga maki. Yaron da aka ce masa shi ne sarkin wasa ya fi lura da ƙannensa fiye da wanda aka ce masa kawai ya yi haƙuri da su.

Na biyu, a haɗa su biyu-biyu, babba da ƙarami, su zama ƙungiya ɗaya. Da zarar nasarar babba ta rataya a kan ƙanensa, zai koya masa maimakon ya ture shi.

Na uku, a daidaita wahala. Idan jifa ne, ƙarami ya tsaya kusa, babba ya ja baya ko ya yi da hannun da bai saba da shi ba. Idan tsere ne, ƙarami ya yi tafiya, babba ya yi tsallen kwaɗo.

Na huɗu, a sauya hukuncin wanda ya faɗi. Da yawa daga wasanninmu na gargajiya duka ne sakamakon kuskure, wasu kuma fitar da mutum ake yi. Tsakanin tsara wannan kan wuce, amma idan da ƙanana a ciki, a mayar da hukuncin kukan zakara, ko tsalle biyar, ko zagaya tabarma sau ɗaya, sannan yaro ya dawo cikin wasa.

Na biyar, a gajarta. Minti 10 zuwa 15 sun isa wasa ɗaya. A bi wasan motsi da na zama, a ba su ruwa a tsakani.

Wasannin motsa jiki

Kiɗa da tsayawa. Wani babba ya kifa roba ko ƙwarya yana kaɗawa, yara suna rawa. Da kiɗa ya tsaya, kowa ya ƙame a yadda yake. Ko ɗan shekara 2 zai shiga. Wannan wasa yana koya wa yaro tsayar da jikinsa idan an ce tsaya, wanda zai amfane shi a bakin titi.

Tafiyar dabbobi. Mai jagora ya kira sunan dabba, kowa ya yi tafiyarta daga bango zuwa bango: kwaɗo, agwagwa, raƙumi, kunkuru. Yana motsa cinyoyi, kafaɗu da baya, kuma babu mai cin wani balle a yi rigima.

Jifa cikin kwando. A dunƙule tsofaffin safa ko tsumma a ɗaure su zama ƙwallo mai taushi, a ajiye kwando ko bahon wanki marar ruwa, a ja wa kowane yaro layinsa gwargwadon shekarunsa. Irin wannan ƙwallo ba ya fasa gilashi kuma ba ya raunata ido.

'Yar gala-gala. A zana gidajen da alli a kan siminti a tsakar gida ko zaure. Manya su yi da ƙafa ɗaya, ƙanana su yi tsalle da ƙafa biyu. A maimakon dutse ko tsingaro, a jefa ƙaramin ƙullin tsumma.

Hanya mai shinge. A jera matasan kai da tabarmi, a rarrafa ƙarƙashin tebur, a bi layin da aka zana ba tare da kaucewa ba. A bar manyan su tsara hanyar da kansu, da sharaɗin ba hawa kan kujera ko gado ana dirowa.

Gaɗa. 'Yan mata sun san ta, kuma tafi da rawa motsa jiki ne sosai. Sai dai ɓangaren da ake faɗawa baya ana cafewa, a bar wa tsara. Ƙanana su tsaya ga tafi da amshi.

Wasannin zama

Kulli kucciya. A ɓoye abu a hannu ɗaya, a ce yaro ya canka. Idan da 'yan ƙasa da shekara 3 a wurin, abin da za a ɓoye ya zama wanda ba zai shige baki ba.

Jini-jini. Mai jagora na kiran sunaye, idan abu mai jini ne a amsa, idan marar jini ne a yi shiru. Yana horar da saurare da saurin tunani. A cire dukan da ake yi wa wanda ya yi kuskure.

Me ya ɓace? A jera abubuwa a faranti, kamar cokali, ludayi, mataji, hula da kofi. Yara su kalla, a rufe, a zare ɗaya, su faɗi wanda babu. A sa wa ƙanana abu 4, manya abu 10 ko fiye.

Kasuwa ko asibiti. Wasan kwaikwayo ne da ke ɗauke kowa: babba mai shago, ƙarami mai saye, kuɗin kuma takarda. Wasan asibiti na da ƙarin amfani ga yaron da ke yawan zuwa ganin likita, domin yana rage masa tsoron allura da awo. Kada a ba su kwalbar magani ko sirinji na gaske, ko da babu komai a ciki.

Tatsuniya da kacici-kacici. Da dare babu kamar su. Za a iya yin tatsuniyar haɗaka, wani ya fara labarin Gizo da Ƙoƙi, kowane yaro ya ɗora jimla ɗaya. Yawan magana da ƙaramin yaro ke ji kuma yake mayarwa shi ne ke buɗe masa baki.

Dara, carafke da ludo wasanni ne masu kyau ga 'yan shekara 6 zuwa sama, amma duwatsu da 'ya'yan ludo na iya shaƙe ƙaramin yaro. A yi su lokacin da ƙanana ke barci, a ƙirga 'ya'yan kafin a fara da kuma bayan an gama. Langa da kokawa kuwa na fili ne kuma na tsara, ba su dace da ɗaki ba.

Kafin a fara, a duba ɗakin

Ki durƙusa daidai tsayin ƙaramin yaron, ki duba abin da idonsa ke gani da abin da hannunsa zai kai.

Ƙananan abubuwa. Duk abin da faɗinsa bai wuce kimanin santimita 3 ba zai iya toshe maƙogwaron yaro ɗan ƙasa da shekara 3. Misali gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, maɓalli, duwatsun ado, murfin kwalba, murfin biro, tsabar kuɗi da guntun balan-balan da ya fashe. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na agogo da wasu kayan wasa, ya fi su haɗari, domin idan ya maƙale a maƙoshi zai iya ƙona shi cikin awa 2.

Wuta da ruwan zafi. A nisanta wasa daga murhu, risho, kaskon wuta, dutsen guga da fulas ɗin shayi.

Iska. A hunturu mutane kan rufe ƙofa da taga su shigo da garwashin gawayi. Gawayi da janareta suna fitar da iskar guba marar wari marar launi da ke iya kashe mutum a rufaffen ɗaki. Janareta waje ake ajiye shi, nesa da taga. Idan yara da yawa suka fara ciwon kai, jiri ko amai a lokaci ɗaya, a fitar da su waje nan take, a kai su asibiti.

Ruwa. Yaro mai tatata zai iya nitsewa a bokiti, baho ko randa idan ya faɗa da ka, ko da ruwan kaɗan ne, kuma ba a jin ƙararsa. A zubar ko a rufe, rijiya kuma a sa mata murfi mai nauyi.

Guba. Kananzir, fetur, fiya-fiya da maganin ɓera a ɗaga su sama a kulle. Kada a zuba su a gorar ruwa ko ta lemo.

Wurin ɓuya. Idan za a yi wasan ɓuya, a faɗa musu ƙarara cewa babu shiga firji, akwati, durom, kwaba ko motar da ke ajiye. Babu sa leda a ka, babu ɗaura igiya ko gyale a wuya.

Sannan dole wani babba ya kasance kusa. Yayye na taimakawa ƙwarai wajen reno, amma yarinya 'yar shekara 8 ko 9 ita ma yarinya ce. Wasa zai ɗauke mata hankali, kuma ba za ta san abin yi ba idan ƙanenta ya shaƙe.

Yara masu lalura

Ciwo mai daɗewa ba dalilin zaunar da yaro a gefe ba ne. Yawan hana shi wasa na raunana jikinsa kuma yana sa shi jin ya fita daban.

Mai sikila zai yi wasa, amma a bar shi ya huta da zarar ya gaji, ya sha ruwa kafin wasa da lokacin wasa da bayansa, a sauya masa riga idan ta jiƙe da gumi don kada sanyi ya kama shi. Ƙarancin ruwa a jiki, sanyi da gajiya mai yawa na tayar da ciwon. A guji wasan da za a buge shi a ciki, musamman idan likita ya ce saifarsa ta kumbura. Zazzaɓin da ya kai maki 38, ciwon ƙirji, numfashi da ƙyar ko ɗashewar jiki farat ɗaya, duk na gaggawa ne.

Mai asma a ajiye masa abin shaƙarsa kusa. A yayyafa ruwa kafin shara, a bari ƙura ta kwanta kafin a fara wasa, a kashe turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Idan kusan kullum wasa na sa shi tari ko numfashi mai ƙara, alama ce maganinsa na buƙatar gyara, sai a koma wurin likita.

Mai farfaɗiya zai iya duk wasannin da aka lissafa, in dai babu hawa sama kuma ba kusa da wuta ko ruwa ba. A sanar da sauran yaran cewa ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau ko taɓawa. Idan ta tashi, a kawar da abin da zai buge shi, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Idan ta wuce minti 5, a tafi asibiti.

Yaron da ba ya ji sosai, a haɗa masa kiɗa da alamar hannu. Wanda ba ya iya tafiya, a zaunar da kowa a yi jifa cikin kwando, ko a ba shi kiɗa ko alƙalanci.

Yaushe za a ware yaro daga wasan taro?

Ɗaki a rufe da yara da yawa wuri ne da cuta ke saurin yaɗuwa. A ware yaro idan yana da zazzaɓi, gudawa ko amai, ƙuraje sababbi, ko jan ido mai kwantsa. Mai ƙyanda na yaɗa ta daga kwana 4 kafin ƙuraje su fito har kwana 4 bayan fitowarsu. Mai ƙarambau kuma har sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo. A nisanta su musamman daga jarirai, masu juna biyu da masu sikila. A wanke hannu da sabulu kafin wasa da bayansa, a kuma tabbata kowane yaro ya kammala rigakafinsa.

Idan tsautsayi ya faru

Shaƙewa. Idan yaro na tari da ƙarfi, a bar shi ya yi ta tari. Idan ya kasa tari, kuka ko numfashi, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da tushen tafin hannu. In bai fito ba kuma ya haura shekara 1, a tsaya bayansa, a sa dunƙulen hannu saman cibiya, a danna ciki da sama sau 5. Jaririn da bai kai shekara 1 ba, ba a danna masa ciki. A kifa shi a kan hannu kansa na ƙasa a buga bayansa sau 5, sannan a juya shi a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau 5. A ci gaba da maimaitawa ana neman taimako. Kada a zura yatsa ana laluben abin da ba a gani.

Buguwar kai. A sa tsumma mai sanyi, a lura da shi kwana ɗaya zuwa biyu. A garzaya asibiti idan ya suma, ko yana ta amai, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko jijjiga, ko tangaɗi, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci.

Ƙuna. A zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20. Kada a shafa man goge baki, manja, ƙwai ko toka.

Haɓo. Ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, a matse taushin hanci minti 10 ba sakewa.

Hannu. Kada a ɗaga ko a lilo da yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ta hanyar riƙe tafin hannunsa, domin gwiwar hannun na iya gocewa. Idan bayan an ja shi ya saki hannun ya ƙi amfani da shi, a kai shi asibiti, gyaran ba ya ɗaukar lokaci. A ɗauki yaro ta ƙarƙashin hamata.

Haɗiye batir ko shan kananzir. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a tafi asibiti kai tsaye ko da yana wasansa kamar lafiya lau. Haka nan idan wake ko dutse ya shige hanci ko kunne, kada a sa tsinke.

Wasa kuma dama ce ta lura da girman yaro. Idan ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya waiwaya idan an kira sunansa, ko ya daina yin abin da ya riga ya iya, ko yana saurin haki fiye da tsaransa, ku kai shi a duba shi. Da yawa daga waɗannan matsaloli sun fi sauƙin magani idan an gano su da wuri.